Yadda ake gwada lissafin hannu ba tare da kalkuleta ba a darasin kalkulas na jami'a

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke faɗuwa kalkulas a shekararsu ta farko ba kalkulas ɗin ne ke kayar da su ba. Ɗalibi zai gane sarai cewa inda deribatib, wato ma'aunin saurin canjin fankshan, ya zama sifili, nan ake neman ƙololuwar fankshan ko ƙasansa. Zai rubuta layin farko daidai, sai ya zo haɗa 1/3 da 1/4 ya rubuta 2/7, ko ya buɗe (x + 3)² ya ce x² + 9 ne. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya rushe. Idan ka ba shi kalkuleta mai ƙarfi, wannan raunin zai ɓuya har zangon karatu ya ƙare, ya kuma bi shi zuwa darasi na gaba.

Damuwar ta daɗe. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da HP-35, kalkuletar kimiyya ta farko da ke shiga aljihu. A 1985 Casio ya kawo fx-7000G mai zana giraf, a 1995 kuma Texas Instruments ya fitar da TI-92 wadda ke yin aljebra da deribatib da kanta. Yau wayar hannu ma tana ɗaukar hoton tambaya ta ba da amsa har da matakai. A Amurka, bayan taron da aka yi a Jami'ar Tulane a 1986 kan gyaran koyar da kalkulas, darussa da dama sun karkata ga fahimtar ma'ana da amfani da na'ura. Wasu jami'o'in, irin su Jami'ar Michigan, sai suka ware ƙaramin gwaji na daban don ƙwarewar hannu, wanda dole ɗalibi ya haye shi. Jarrabawar kalkulas ta AP, wadda ɗaliban sakandare ke yi a kan darasin matakin jami'a, ita ma an raba ta: wani sashe da kalkuleta, wani babu.

Wannan tsarin nake ganin ya fi dacewa. Kada ka hana kalkuleta a duk darasin, kada kuma ka sake ta a ko'ina. Ka ware gajeren gwaji mai tsauri, wanda za a iya maimaitawa, aikinsa ɗaya tak: tabbatar da cewa hannun ɗalibi ya faɗa. Ga yadda ake shirya shi.

Mataki na 1: Rubuta abin da kake son gwadawa, ka soke sauran

Kafin ka ƙirƙiri tambaya ko ɗaya, ɗauki takarda ka jera ƙwarewar da ɗalibi ba zai iya ci gaba ba sai da ita. A darasin kalkulas na farko jerin ba ya wuce waɗannan: tarawa da rabawar lambobi masu sama da ƙasa, dokokin fawa (ƙaramar lambar da ke bisa, kamar 2 a x²) har da fawa mai alamar debewa da mai sama da ƙasa, warware jimlar aljebra zuwa abubuwan da aka ninka, dokokin logaridim, ƙimar sin da cos da tan a fitattun kusurwoyi, sai dokokin deribatib, wato dokar fawa, dokar ninki, dokar rabawa da dokar sarƙa. Idan darasi na biyu ne, a ƙara intigiral, wato kishiyar deribatib, ta hanyar musanya da ta kashi-kashi.

Abin da za ka soke shi ne duk tambayar da ke buƙatar dogon tunani. Tambayar labari, inda ɗalibi zai gina lissafin da kansa daga bayanin tanki ko tsani, tana da muhimmanci ƙwarai, amma wurinta babbar jarrabawa. Idan ka cusa ta a nan kuma ɗalibi ya faɗi, ba za ka san ko hannunsa ne bai faɗa ba ko labarin ne bai gane ba.

Haka nan ka soke lissafin wahalarwa. Ninka 4.873 da 26.19 da hannu ba ya nuna komai game da kalkulas. Wannan aikin na'ura ne, a bar mata.

Mataki na 2: Gina tambaya daga amsarta

Nan ne yawancin aikin yake, nan ne kuma gwajin ke gyaruwa ko ya lalace. Kada ka rubuta tambaya sannan ka duba abin da za ta haifar. Ka zaɓi amsar da kake so, ka koma da baya.

A ce kana son ɗalibi ya nemo inda deribatib ya zama sifili. Zaɓi wuraren tukuna, misali x = 1 da x = 3. Deribatib ɗin ke nan zai zama (x − 1)(x − 3), ka ninka shi da 3 don kada lamba mai sama da ƙasa ta fito idan ka koma baya: 3x² − 12x + 9. Yi masa intigiral, ka sami x³ − 6x² + 9x, ka ƙara duk lambar da ka ga dama a ƙarshe. Tambayarka ta zama f(x) = x³ − 6x² + 9x + 1. Yanzu duba abin da zai faru da a ce 8x ka rubuta a maimakon 9x. Deribatib zai zama 3x² − 12x + 8, amsa kuma 2 ± (2√3)/3. Dabarar ɗaya ce, amma ka ƙara wa ɗalibi mintoci a kan abin da ba shi kake aunawa ba.

Haka ake yi da intigiral mai iyaka. Intigiral na √x daga 1 zuwa 4 yana ba da (2/3)(8 − 1), wato 14/3, domin 1 da 4 duk suna da tushe mai tsafta. Na 2x/(x² + 1) daga 0 zuwa 1 yana ba da ln 2 cak. A tirigonometiri ka tsaya kan 0, π/6, π/4, π/3, π/2 da 'yan uwansu. A fawa ka yi amfani da irin su 8^(2/3), wanda yake 4, ko 16^(−1/2), wanda yake 1/4.

Sai dai kada tsaftar lambobi ta sa tambayar ta zama ba ta da haƙori. Kowace tambaya ya kamata ta ƙunshi wuri guda da wanda bai iya ba zai yi tuntuɓe, wanda ya iya kuma zai wuce bai ko lura ba. Kurakuran da ɗalibai ke yi sanannu ne, kusan ba sa canzawa daga shekara zuwa shekara: ɗaukar √(x² + 9) a matsayin x + 3, raba 1/(a + b) zuwa 1/a + 1/b, mayar da ln(a + b) ya zama ln a + ln b, soke x a sama da ƙasa cikin (x + 2)/x, ko cewa sin 2x daidai yake da 2 sin x. Ka gina tambayoyinka a kan waɗannan wuraren. Ka ce a sauƙaƙa [1/(x + h) − 1/x]/h. Wanda ya iya haɗa lambobi masu sama da ƙasa zai kai ga −1/[x(x + h)] cikin layi uku. Wanda bai iya ba, a layin farko za ka gan shi. Ka ce a nemo inda (√(x + 4) − 2)/x ta dosa yayin da x ke kusantar 0. Amsar 1/4 ce, amma sai wanda ya san ninka sama da ƙasa da √(x + 4) + 2.

A ɓangaren deribatib, tambayoyi uku suna tona asiri da sauri. Deribatib na sin(3x²), wanda yake 6x cos(3x²), yana nuna ko ɗalibi na tuna ciki na dokar sarƙa. Deribatib na 2^x, wanda yake 2^x ln 2, yana kama wanda ke amfani da dokar fawa a inda ba ta aiki. Sai deribatib na π², wanda sifili ne tun da π lamba ce tsayayyiya. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su rubuta 2π.

Ina ba da shawarar ka saka tambayar kintace guda ɗaya, ko da wasu malamai na ganin ba ta cikin lissafin hannu. Misali, a kintaci √50 ta amfani da layin da ya taɓa giraf a x = 49. Amsa 7 + 1/14 ce, kusan 7.071. Dalilina shi ne, ɗalibin da ba ya iya kintace ba ya iya kama na'ura idan ta ba shi shirme. Wanda ya bar kalkuletarsa a kan digiri maimakon radiyan, ya nemi deribatib na sin x a x = 0, zai ga 0.01745 maimakon 1, ya kwafa hankalinsa kwance.

Mataki na 3: Yanke shawara kan siffar amsa

Ka rubuta a saman takardar cewa amsa cikakkiya ake so, irin su √3/2, ln 2 ko 14/3, ba lamba mai ɗigo ba. Sannan ka faɗa ƙarara ko dole ne a sauƙaƙa amsa. A tambayoyin deribatib ni na fi son a ce ba dole ba ne. Idan ɗalibi ya rubuta [(x + 1) − x]/(x + 1)² a matsayin deribatib na x/(x + 1), ya nuna ya san dokar rabawa. Sauƙaƙawa kuma tana da nata tambayoyin a sashen aljebra. Idan ka haɗa su a tambaya guda, kuskure ɗaya zai ɓoye maka ƙwarewa biyu.

Mataki na 4: Auna tsawo da lokaci

Tambaya 7 zuwa 10 sun isa. Zauna ka amsa takardar da kanka, kana rubuta kowane mataki kamar yadda kake so ɗalibi ya rubuta, agogo na gefenka. Abin da ka samu ka ninka shi sau uku ko huɗu. Idan minti 7 ya ɗauke ka, ba su minti 21 zuwa 28. Ka kuma ba wani abokin aiki ko mataimakin malami ya amsa ba tare da ya ga amsoshinka ba, domin mai tambaya ba ya ganin kuskuren takardarsa.

Lokacin ya kasance wanda ya ishi mai ƙwarewa ya gama ya sake dubawa, amma bai ishi wanda zai tsaya ƙirƙiro dokar rabawa daga tushe ba. Gudu ba shi ne abin nema ba.

Mataki na 5: Tara rumbun tambayoyi

Tun da za a maimaita gwajin, takarda ɗaya ba za ta yi ba. Ka mayar da kowace lambar tambaya gurbi mai aiki ɗaya: gurbi na 1 lambobi masu sama da ƙasa, na 2 fawa, na 3 logaridim, har zuwa na 8. A kowane gurbi ka rubuta tambayoyi 10 masu nauyi ɗaya. Tambaya 80 ke nan ka rubuta, amma takardun da za a iya haɗawa daga cikinsu sun kai miliyan 100.

Daidaita nauyin shi ne mai wuya. Deribatib na x² sin x da na x² sin(5x) suna kama a ido, amma na biyun yana buƙatar dokar ninki da ta sarƙa tare. Idan suna gurbi ɗaya, sa'a ce za ta raba ɗalibai. Ka ƙirga dokokin da kowace tambaya ke buƙata, ka tabbata duk 'yan gurbi ɗaya adadinsu ɗaya.

Idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, akwai manhajoji da ke wannan aikin. WeBWorK, wadda Michael Gage da Arnold Pizer suka ƙirƙira a Jami'ar Rochester a shekarun 1990, kyauta ce, tana sauya lambobi ga kowane ɗalibi, tana kuma gane amsoshi masu siffa daban amma ƙima ɗaya. Idan babu, takardu iri huɗu ko biyar a kowane zama sun wadatar.

Mataki na 6: Sa makin haye da adadin maimaici

A wannan gwajin babu rabin maki. Amsa ko daidai ce ko ba daidai ba. Ɗalibai za su yi ƙorafi, kuma da babbar jarrabawa ce da suna da gaskiya. Amma abin da ake aunawa a nan shi ne iya kai lissafi ƙarshe ba tare da zubar da alamar debewa a hanya ba, damar maimaitawa kuma ita ce ke maye gurbin rabin makin.

Nawa ne makin haye? Bari mu lissafa da tambaya 8, muna ɗauka cewa kowace tambaya cin gashin kanta take. Ɗalibi mai ƙwarewa, wanda ke samun tambaya 9 cikin kowace 10, idan ka ce sai ya ci duka 8, damarsa ta haye a zama ɗaya kashi 43 ce kawai cikin 100. Wannan zalunci ne. Idan ka yafe kuskure ɗaya, wato 7 cikin 8, damarsa ta tashi zuwa kashi 81, a zama uku kuma ta haura kashi 99. Wanda ke samun 7 cikin 10, damarsa a zama ɗaya kusan kashi 26 ce, a zama uku kusan kashi 59. Wanda rabi kawai yake samu, damarsa 9 cikin 256 ce, wato kashi 3.5, amma idan ka bar shi ya zauna sau 10 ba tare da ya ƙara koyon komai ba, sai ta kai kusan kashi 30.

Lissafin ya nuna abu biyu. Yafe kuskure ɗaya wajibi ne. Maimaici mara iyaka kuma yana mayar da gwajin caca. Don haka ka taƙaita: zama ɗaya a rana, tsakanin mako biyu ko uku, kuma wanda ya faɗi sau biyu ba zai sake zama ba sai ya zo ya gyara takardarsa ta baya a gaban malami ko mataimakinsa. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ke mayar da gwajin koyarwa.

Sannan ka yanke abin da zai sami wanda wa'adi ya cika bai haye ba. Wasu suna rage masa wani kaso na makin darasi, wasu suna sa masa iyakar darajar da ba zai wuce ba. Ko wanne ka zaɓa, ya yi nauyin da ɗalibi zai damu da shi, amma kada ya zama shi kaɗai zai kayar da mutum a darasin gaba ɗaya.

Mataki na 7: Sanar tun ranar farko, ka kuma yi irinsa a aji

Ka sa dokokin cikin takardar tsarin darasi, ka raba samfurin gwaji guda biyu tare da amsoshinsu. Babu abin ɓoyewa a nan. Idan ɗalibi ya yi ta bitar ire-iren tambayoyin har suka zauna masa, buƙata ta biya.

Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka yi makonni kana danna kalkuleta a gaban allo, sannan rana ɗaya ka ce a ajiye ta. Ka ware minti biyar a farkon kowace lacca, tambaya biyu a allo, kowa da biro da takarda. Kai ma idan ka zo kan 3/4 − 2/3 a tsakiyar misali, ka yi shi a fili su ga yadda 1/12 ta fito. Ka kuma bayyana musu dalili da misali na gaske, domin ɗalibin injiniya zai tambaye ka, kuma tambayarsa tana kan hanya: me ya sa zai wahala alhali a wurin aiki kwamfuta zai yi amfani da ita? Amsar ita ce, laccar gobe za ta bi ta kan layi goma na aljebra don kai wa ga ra'ayi ɗaya, wanda kuma kowane layi ke tsayar da shi ba zai taɓa ganin ra'ayin ba.

Lokacin da ya fi dacewa da gwajin aljebra shi ne mako na biyu, tun ana iya gyara. Na deribatib kuma mako ɗaya ko biyu bayan an gama dokar sarƙa, kafin a shiga aikace-aikacen deribatib.

Mataki na 8: Ranar gwaji

Waya da agogon zamani su shiga jaka, jaka ta tafi gaban aji. Kai za ka raba takardar aiki, ka kuma karɓe ta tare da ta amsa. Maƙwabta biyu kada su sami takarda iri ɗaya. A duba katin shaida, musamman a zaman maimaici inda mai sa ido ba lalle ya san fuskoki ba.

Ɗalibin da ke da lalura tabbatacciya, ta gani ko ta hannu ko ta koyon lissafi, a bi tsarin da makaranta ta tanadar masa, ko ƙarin lokaci ne ko manyan haruffa. Idan tsarin ya ba shi damar riƙe kalkuleta, mai tarawa da debewa da ninkawa da rabawa kawai ba za ta ɓata gwajin deribatib ba, tun da ba ta san dokar sarƙa ba.

Mataki na 9: Duba takardu, ka karanta abin da suke faɗa

Ka mayar da sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba maimaicin ba shi da amfani. Kafin a fara dubawa, ka rubuta wa masu taimaka maka duk siffofin amsa da za a karɓa. Intigiral na sin x cos x misali ne mai kyau: wani zai sami (sin²x)/2 + C, wani −(cos²x)/2 + C, wani kuma −(cos 2x)/4 + C, kuma duka ukun daidai ne, domin tsayayyiyar lamba ce kawai ta bambanta su. Mai dubawa da ke riƙe da amsa ɗaya zai kayar da mutum biyu a banza. Idan aka yi shakka, a ɗauki deribatib na amsar ɗalibin a gani ko ya dawo da tambayar. Batun mantawa da + C ma a yanke shi tun kafin a buɗe takarda ta farko, kowa ya bi hukunci ɗaya.

Kada ka rubuta amsar daidai a takardar wanda ya faɗi. Ka zagaye layin da kuskuren ya fara, ka bar shi ya nemo sauran.

Daga nan ka buɗe jadawali, gurabe a sama, sunaye a gefe, ka sa alama a duk inda aka faɗi. Idan tambaya ɗaya a cikin gurbi ta kayar da mutane fiye da 'yan uwanta nesa ba kusa ba, tambayar ce ke da matsala, a cire ta daga rumbu, a kuma sake duba takardun waɗanda ita kaɗai ta hana su hayewa. Idan kuwa gurbin gaba ɗaya ne ya kayar da rabin aji, a ce na logaridim, to ka ɗauki minti 20 daga laccar da ke tafe ka sake koyar da shi kafin a buɗe zama na biyu.